Bashin Da Ɓera Yake Bin Mu

A gidanmu na Tukur-Tukur ba a yi wa ɓera shari'a. In ya huda buhun masara, ko ya ɓarnatar da daddawar Iya, tarko ne hukuncinsa, ba kuwa wanda zai kwana da damuwa. Da wannan fahimta na girma, da ita kuma na shiga ɗakin gwaji a shekarar ƙarshe ta karatun digirina, inda aka danƙa mini fararen ɓeraye a keji, aka ce in riƙa yi musu allurar deksametason kowace safiya, ina auna nauyinsu da sukarin jininsu.

Deksametason magani ne da aka haɗa a ƙarshen shekarun 1950, kwaikwayon wani sinadari da wata 'yar halitta a saman ƙoda take fitarwa idan jiki ya shiga matsi, sai dai ya ninka na jiki ƙarfi kamar sau 25. Yana kwantar da kumburi, amma in aka daɗe ana ba da shi yakan raunana garkuwar jiki, ya ɗaga sukari, ya zaftare tsoka. Wannan illar ita muke nema. Da gangan muke jawo wa lafiyayyar dabba cuta, domin mu gwada abin da zai warkar da ita.

Wata Juma'a na koma gida ina ba Iya labari, har da alfahari. Ta saurara, sannan ta ce, "To ɗan nan, wa yake ba su abinci?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ashe da hannun da kake ciyar da su kake sa musu ciwo?" Na yi dariya, amma tambayar ta bi ni har makaranta. Ɓeran rumbu ɓarawo ne, shi ya zo mana. Na keji kuwa bai taɓa satar ƙwayar hatsi ba. Mu muka sa aka haife shi, mu muka tsare shi, har ya saba da ƙarar takalmina yana miƙewa in na shigo. Wannan amana ce a hannuna.

Shin ke nan a daina? Na so in ce e, sai na tuna da 'yar yayata, wadda aka haifa bakwaini. Kafin haihuwarta an yi wa uwarta allurar wannan magani domin huhun jaririyar ya yi saurin nuna. Asalin wannan ilimi daga tumaki ya fito. A ƙasar Niyu Zilan, wani likita mai suna Graham Liggins ya lura a 1969 cewa 'yan tumakin da suka sami irin wannan magani tun suna ciki, huhunsu yakan iya ɗaukar iska ko da an haife su kafin lokaci. A 1972 shi da Ross Howie suka tabbatar da amfanin haka ga mata masu ciki. A 2020 kuma wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda asibitocin Nijeriya suke ciki, ya nuna deksametason yana rage mutuwar bakwaini a ƙasashe irin tamu. Yarinyar da take rarrafe yau a tsakar gidanmu, da numfashin waɗancan tumaki aka fanshi nata. Ba ni da bakin cewa da ma ba a taɓa su ba.

Sai dai amfanin da aka samu jiya ba ya wanke duk abin da za a yi yau. Addininmu da ya halatta yanka rago, shi ne ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa, shi ne kuma ya ba mu labarin matar da ta halaka saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Halacci yana tafe da sharaɗi. Masana biyu a Ingila, Russell da Burch, sun tsara irin wannan sharaɗi a 1959: in akwai hanyar da ba ta bukatar dabba a bi ta, in babu a rage yawansu, waɗanda aka ɗauka kuma a sassauta musu wahala.

Akwai sharaɗi na huɗu da na koya da kaina. Wata rana na makara, lokacin awo ya wuce, layi guda a littafina ya zauna fayau. Wani abokina ya ce in duba na jiya da na gobe in ƙirƙiri lamba a tsakani, ai ba mai ganewa. Har na ɗauki biro. Sai na dubi wani ɓera da ya rame, gashinsa ya yi cirko-cirko, na tambayi kaina: don me ya rame? In lambar ƙarya za ta wadatar, da tun farko sai in zauna a ɗaki in rubuta sakamakon duka, in bar shi da lafiyarsa. Hujja ɗaya tak nake da ita ta soka masa allura, ita ce neman gaskiyar da wani zai amfana da ita. Da zarar na gurɓata ta, abin da ya rage zalunci ne tsagwaronsa. Na bar layin a buɗe, na gaya wa malamina dalili, na sha faɗa.

Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mun ci ladan ɓera, shi kuwa bai san an yi cinikin ba, ba ya kuma iya kai ƙara. Askin da ya rage mana shi ne tsabtar kejinsa, da sauƙin hannu wajen allura, da tambaya mai nauyin da ta cancanci ransa, da rubuta abin da aka gani ba daɗi ba ragi.

Ranar da aka kammala gwajin, Iya ta tambaye ni ina 'yan kiwona. Na ce an kashe su duka, haka ƙa'idar aikin take. Ta yi shiru, can ta ce, "Allah ya sa ba a banza ba." Na amsa da amin, ina sane cewa rabin wannan addu'a a hannuna yake.