Biyayya Ga Mai Naɗi, Ko Ga Amanar Kujera?

A yau da yawa daga cikin 'ya'yan zango sun shiga jami'o'i, wasu ma sun gama sun kama aiki a ma'aikatun gwamnati da asibitoci da kotuna. Wannan shi ne abin da iyayenmu suka daɗe suna fata. To amma akwai wata tambaya da take jiran duk wanda Allah Ya ɗora a kan kujera, babba ce ko ƙarama: idan wanda ya naɗa ka ya nemi ka aikata abin da zai rushe dalilin da ya sa aka kafa kujerar, wa za ka bi? Ya kamata mu yi tunanin amsar tun muna ɗalibai, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tarihin ƙasarmu Gana kuwa ya bar mana misalan da za mu auna kanmu da su.

A watan Agusta na 1962 aka jefa wa Shugaba Kwame Nkrumah gurneti a ƙauyen Kulungugu, kusa da Bawku. Ya tsira da raunuka. Cikin waɗanda aka tuhuma har da manyan muƙarrabansa uku: Tawia Adamafio da Ako Adjei da Cofie Crabbe. Aka gurfanar da su gaban wata kotu ta musamman mai alƙalai uku, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Sir Arku Korsah, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan muƙami. Kowa ya san hukuncin da fadar shugaba take so. Amma a watan Disamba na 1963 kotun ta ce ba ta ga hujjar da za ta kama waɗannan ukun da laifi ba, ta wanke su. Kwana biyu bayan haka aka tuɓe Korsah. Aka soke hukuncin, aka sake shari'a, aka yanke musu kisa a 1965, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 20.

Guguwar ba ta tsaya a kotu ba, ta haura har Legon. Shugaban Jami'ar Gana a lokacin shi ne Conor Cruise O'Brien, mutumin ƙasar Ailan, wanda ya yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya aiki a lardin Katanga na ƙasar Kwango a 1961. Nkrumah da kansa ya gayyato shi a 1962, kuma Nkrumah ɗin ne uban jami'ar. Wato dai baƙo ne da aka karrama, mai goyon bayan 'yancin Afirka. Duk da haka, a watan Fabrairu na 1964, sa'ad da gwamnati ta kori wasu malamai 'yan ƙasashen waje, cikinsu har da shugaban tsangayar koyon shari'a William Harvey, magoya bayan jam'iyyar CPP kuma suka yi zanga-zanga har cikin harabar jami'a, O'Brien bai yi shiru ba. Ya fito fili ya kare 'yancin malami ya koyar, ɗalibi ya yi tambaya. Bai iya hana korar ba, a 1965 kuma ya bar ƙasar.

Wani zai ce, ashe wannan ba butulci ba ne? Mu 'yan zango an rene mu a kan girmama na gaba da sanin alheri, ba ma ɗaukar cin amanar mai gida da wasa. Ga shi kuma Nkrumah yana da abin faɗa. Ƙasa ce jaririya, ana ta dasa bama-bamai a babban birni, an nemi ransa fiye da sau ɗaya. Shi ne ya gina madatsar Akosombo, ya ɗaukaka kwalejin Kumasi ta zama jami'a a 1961, ya buɗe ta Cape Coast a 1962. Mutumin da ya yi wannan ba za a ce maƙiyin ilmi ne ba. Wannan hujja ce mai nauyi, bai kamata mu yi watsi da ita ba.

Amma mu duba da kyau. Me ya sa ake kafa kotu? Domin a samu wurin da hujja za ta rinjayi ƙarfi. Me ya sa ake kafa jami'a? Domin a samu wurin da za a binciki magana ko da ba ta yi wa masu mulki daɗi ba. Wanda ya naɗa alƙali, a haƙiƙa ya damƙa masa wannan manufa ne ya tsare, har daga shi mai naɗin idan ta kama. Maƙeri ne ya ƙera ma'auni, amma wannan bai ba shi ikon a tauye masa mudu idan ya zo kasuwa ba. Saboda haka alƙalin da ya yi hukunci bisa hujja ya cika alkawarin da aka naɗa shi dominsa, ko da mai naɗin ya ji haushi. Girmama na gaba wajibi ne a wajen lafazi da ladabi. Amma hukunci da sakamakon jarrabawa da dukiyar jama'a ba mallakarmu ba ne, balle mu yi kyauta da su don nuna godiya.

Akwai wani ɓangaren labarin da ya fi ɗaci, kuma shi ne ya fi shafarmu. Wannan Korsah da ya tsaya a 1963, shi ne ya jagoranci Kotun Ƙoli a 1961 a shari'ar Baffour Akoto, kakakin Sarkin Asante, wanda aka tsare ƙarƙashin dokar 1958 mai ba gwamnati ikon kulle mutum har shekara biyar ba tare da shari'a ba. Lauya J. B. Danquah ya roƙi kotu ta kare haƙƙin ɗan ƙasa, kotu ta ce dokar tana kan daidai, wanda bai gamsu ba ya jira akwatin zaɓe. Danquah kansa a kurkukun Nsawam ya rasu a 1965, ƙarƙashin wannan doka. Kafin duk wannan ma, a 1957, an kori Sarkin Zangon Kumasi Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan daga ƙasar. Suka kai ƙara cewa su haifaffun nan ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu don a rufe shari'ar. Ashe tun daga ƙofar zango aka fara gwada ƙarfin bangon, da aka ga bai hana ba sai aka ci gaba. Lokacin da Korsah ya ce a'a, ruwa ya riga ya ci gari. A Janairun 1964 ƙuri'ar raba gardama ta mai da ƙasar mai jam'iyya ɗaya, ta kuma ba shugaba ikon sallamar manyan alƙalai.

Darasin a nan shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shugaba na gaskiya a ƙananan abubuwa yake samun ƙarfin da zai tsaya da shi a manya. Magatakardan da ya karɓi sunan ɗan wani babba ya sa a jerin waɗanda aka ɗauka, alhali yaron bai ci ba, ya tura ɗan mai sayar da koko waje. Gobe idan aka nemi ya canza maki, da wane baki zai ƙi? Haka ma'ajin ƙungiyar ɗalibai da ya ranta wa abokinsa kuɗin ƙungiya a ɓoye, ya riga ya fara koyon abin da zai yi ran da aka ba shi baitulmali.

Kada kuma mu ɗauka tsayuwa tana nufin rashin kunya ko neman suna. Hukuma babba wuri ne mai sarƙaƙiya: ga gwamnati mai ba da kuɗi, ga malamai, ga ɗalibai, ga iyaye, kowa da buƙatarsa. Dole shugaba ya iya sassauci da shawara da haƙuri a kan abubuwa da yawa, kamar kasafi da jadawali da wanda za a fara yi wa gini. Farfesa Alex Kwapong, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar daga 1966, ya yi aiki da gwamnatocin soja da na farar hula kusan shekara goma. Abin da ake bukata shi ne mutum ya san ɗan abin da ba ya sayarwa, ya kuma yarda a ransa cewa zai iya rasa kujerar saboda shi.

Don haka kafin mu nemi muƙami a ƙungiya ko a ofis, mu tambayi kanmu: don me aka kafa wannan kujera, wa zai cutu idan muka karkata, kuma mun shirya sauka idan ta kai ga haka? Wanda bai da amsa, gara ya dakata tukuna. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.