Magaryar Da 'Ya'yanmu Ba Su Sani Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya fitar mana da tsirrai daga ƙasa, Ya sanya abinci da waraka a cikinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Kwanakin baya muna karatun babin jana'iza a littafin Risala, ni da ɗalibaina 'yan mata a nan Hotoro, sai muka zo inda aka ce a wanke mamaci da ruwa da sidir. Na fassara musu da magarya. Sai wata ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ita magaryar a kemis ake sayar da ita?" Aji ya ɗauki dariya, amma ni jikina sanyi ya yi. Da na tambayi masu dariyar, ashe su ma ba su taɓa ganin bishiyar ba. Waɗannan fa su ne za su yi mana wanka in ta Allah ta kasance.

Hadisin Ummu Aɗiyya da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci mata su wanke 'yarsa da ruwa da magarya, su sa kafur a wankin ƙarshe. Ke nan sanin wannan ganye yana cikin sanin addini. Washegari na zo da shi aji, muka daka, muka kaɗa a ruwa, ya yi kumfa. Sai wata 'yar ajin kimiyya a boko ta ce ai an koya musu akwai sinadarin saponin a wasu ganyaye, mai wanke datti kamar sabulu. Na ce to kin gani, abin da kakarki ta sani a turmi shi malaminku ya gaya muku a allo. Na ƙara musu da cewa magarya da kurna dangi ɗaya ne a wajen masana tsirrai, kuma itacen da Larabawa ke kira sidir ya fi kusa da kurnarmu.

Ku dubi garin nan namu. Kurna, Ɗorayi, Kasuwar Rimi, Durumin Iya, ga Tsamiyar Boka nan kusa da mu. Duk sunayen itatuwa ne. Yaranmu suna faɗa wa mai adaidaita sunayen kullum, amma ba sa iya nuna ko ɗaya. Mun raba musu ilimi gida biyu: na kaka mun ce ƙauyanci ne, na boko mun ce na cin jarrabawa ne kawai. Alhali Wanda Ya halicci ganyen Shi ne Ya ba ɗan Adam basirar bincikensa.

Magabata ba su yi wannan rabon ba. Ibnul Baiɗar, malamin Andalus da ya rasu a 1248, ya zaga ƙasashe yana duba tsirrai da idonsa, ya tattara bayanin magunguna kusan 1,400. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki sai da ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani. A zamaninmu kuma, wata mata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta koma wani tsohon littafin magungunan gargajiyarsu, ta bi diddigin wani ganye dangin tazargade, a 1972 ita da abokan aikinta suka fitar da sinadarin artemisinin. Shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba 'ya'yanmu a asibiti, kuma ta samu kyautar Nobel a 2015. Ko nan gida, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa maganin sikila mai suna Niprisan a shekarun 1990, kuma cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi. Kayan da ke cikin kwallar kowace tsohuwa!

Amma 'yan uwa, kada mu ɗauka duk abin da ya tsiro lafiya ne. Zaƙami tsiro ne, yana gusar da hankali, yana iya kisa. 'Ya'yan cinidazugu guba ne ga yaron da ya ci. Ruwan tumfafiya in ya shiga ido yana yi masa lahani. Kaka ta san sunan ganye da amfaninsa, amma awon da ƙodar jariri za ta iya ɗauka sai an koma wa masu bincike. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa jariri nono zalla har wata 6, ba ɗauri ba jiƙo. Yaro kuma in zazzaɓi ya kama shi, a je a gwada jini, kada a zauna ana sirace da ganyen darbejiya har ya fara sanƙarewa. Hadisi ya tabbatar mana kowace cuta Allah Ya saukar da maganinta, wani ya sani wani bai sani ba. To wadda ba ta sani ba, ta ji tsoron Allah ta tambaya, domin ran yaro amana ne.

Ga abin da muka fara a ajinmu, kuma kowace malama za ta iya. Duk sati ɗaliba ɗaya za ta zo da ganye guda, ko zogale, ko sabara, ko bagaruwa, ko lalle. Za ta tambayi wata dattijuwa sunansa da yadda ake amfani da shi, ta tambayi malamin kimiyya ko wata nas abin da bincike ya nuna da illarsa, sannan mu duba ko ya zo a Alƙur'ani ko hadisi. Duk mu rubuta a littafi ɗaya. Wata uwa ta ce mini tun da aka fara, 'yarta da ba ta zama wajen kakarta yanzu sai an kore ta. Kun ga har zumunci mun samu.

Iyaye, tsofaffin nan tafiya suke yi, kuma duk wadda ta tafi da abin da ke kanta take tafiya. Mu tura yaranmu su tambaye su tun suna raye, mu kuma dasa ko zogale ɗaya ne a tsakar gida, sadaka ce ga duk wanda ya ci.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuri'a.