Sa Hannun Likita da Haƙƙin Majinyaci

A jihohin Amurka irin su Teksas akwai nas-nas masu digiri na biyu da aka horar su duba marar lafiya, su gano cutarsa, su rubuta masa magani, amma doka ta ɗaure su sai sun ƙulla yarjejeniya da wani likita, sau da yawa har da biyansa kuɗi duk wata. Jihohi 27 da birnin Washinton sun kwance wannan dabaibayi. Tambayar da ke ƙarƙashin gardamar tsohuwa ce: wa ya cancanci a damƙa masa jikin majinyaci, kuma alhakin wa ne idan an hana mai iyawa ya taimaka? Imam Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, kuma irin wannan farilla ba ta sauka daga wuyan al'umma sai mai hawan jini a ƙauye ya sami wanda zai auna shi, ya sabunta masa magani tun bai kai ga shanyewar ɓarin jiki ba.

Wannan buƙata ce ta haifi sana'ar. A 1965 Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka fara horar da irin waɗannan nas-nas a Jami'ar Kolorado saboda yaran da ba sa samun likita. A 2000 mujallar JAMA ta buga binciken Mary Mundinger, inda aka raba majinyata 1,316 a New York tsakanin likitoci da nas-nas, bayan wata shida ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani a lafiyarsu ba. A 2016 ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta sakar wa nas-nas ɗin mara a asibitocinta.

Ƙungiyar likitocin Amurka tana da hujja mai nauyi: likita kan yi sa'o'i 12,000 zuwa 16,000 na horo a gaban majinyata, mafi ƙarancin da ake nema wa nas kuwa 500 ne. Fiƙihu ma ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani ba da sani ba. Sai dai hukuncin ya rataya ne a kan sani, kuma wanda ya ƙware a kula da ciwon suga bai zama jahili ba don bai iya tiyata ba. Likitan da ke wani gari, yana sa hannu a takardun majinyatan da bai taɓa gani ba, tsaron da yake ƙarawa kaɗan ne. Abin da ke tsare rai shi ne horo mai tsauri, da iyaka bayyananniya, da hanzarin tura abin da ya fi ƙarfin nas zuwa babban asibiti. New York ta bi wannan hanya a 2022, inda nas ke cin gashin kansa bayan sa'o'i 3,600 na aiki.

Wasu na cewa sakar wa nas mara ba wa talaka kulawa mai daraja ta biyu ne. Amma a garin da babu likita, zaɓin da ke gaban mai ciwo shi ne nas ko zaman gida. Kuskuren mai magani ana ganinsa, ana kai shi kotu. Wanda ya mutu yana jiran layi ba a tuhumar kowa a kansa, alhali doka ce ta tsawaita layin. Majalisar da ta hana ƙwararre aiki ba tare da ta kawo likita a madadinsa ba, ita ma za a tambaye ta wannan ran.