Dashen Ƙwayoyin Alade Don Ciwon Sukari: Ina Iyakar Larura?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, akwai wata mas'ala da likitocin zamani suka ɗora a gaban malamai, wadda ya kamata kowane Musulmi ya fahimci tushenta tun kafin ta iso ƙofar gidansa.

A bayan tumbin ɗan Adam akwai wata tsoka da likitoci ke kira fankiriyas. A cikinta Allah Ya warwatsa waɗansu 'yan dunƙulen ƙwayoyin halitta kamar tsibirai a tafki, waɗanda wani ɗalibin likita Bajamushe, Paul Langerhans, ya fara gani a 1869. Su ne ke fitar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Idan suka lalace, sai mutum ya dogara ga allura muddin ransa. A shekarar 2000 likitoci a Edmonton ta Kanada suka bayyana cewa sun dasa wa mutum bakwai irin waɗannan tsibirai da aka ciro daga mamata, har suka ajiye allura na wani lokaci. To, amma masu bukata sun ninka masu bayarwa nesa ba kusa ba. Shi ya sa hankali ya koma ga alade, domin insulin ɗinsa da na mutum bambancinsu ƙanƙane ne ƙwarai, kuma da shi aka yi ta yi wa jama'a magani shekara da shekaru kafin a sami na haɗawa a 1982.

Sai dai jiki ba ya karɓar baƙo da sauƙi. Da zarar an zuba tsibiran alade ta jijiyar da ke kai jini hanta, jinin kan daskare a kansu, kumburi ya tashi, da yawa su hallaka cikin sa'o'in farko. Waɗanda suka tsira kuwa, sai dakarun garkuwar jiki su bi su sannu a hankali har su ga bayansu. A Suwidin an gwada wa mutum goma wannan dashe tsakanin 1990 da 1993, babu ko ɗaya da ya rabu da allura. A 2006 masu bincike a Jami'ar Minesota ta Amurka suka sami birai da suka wuce kwana 100 sukarinsu daidai, amma da taimakon wani maganin danne garkuwa da aka riga aka ga yana daskarar da jini a jijiyoyin mutane.

Tambayar da ta fi saurin zuwa bakin mai karatu ita ce: ashe ba alade ba ne? Haƙiƙa cin namansa haramun ne, babu jayayya. Amma ayar da ta haramta shi a Suratul Baƙara ita ce kuma ta ɗauke laifi daga wanda larura ta tilasta. Imam Nawawi ya yi uzuri ga wanda aka ɗora masa karaya da ƙashi mai najasa idan ba a sami mai tsarki ba. Har wa yau, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta dashe daga dabbar da ba a ci, a 1985, bisa sharaɗin larura. Watau ƙofar a buɗe take, sai dai tana da mai gadi.

Mai gadin nan shi ne sharuɗɗan larura. Na farko, ya zamana babu wata hanya ta halal. Na biyu, ya zamana rinjayen zato shi ne maganin zai yi amfani. Na uku, kada a kore cuta da wadda ta fi ta. A nan ne ƙin da jiki ke yi wa dashe ya zama hujja ta shari'a, ba zancen asibiti kaɗai ba. Mutumin da allura ke riƙe da shi lafiya, idan aka danne garkuwarsa don ƙwayoyin da ba lalle su daɗe ba, an gudu ne ba a tsira ba. Amma wanda sukarinsa ke faɗuwa ba zato har ya suma, alhali an gwada duk wata dabara, hukuncinsa daban ne, matuƙar likitoci amintattu sun tabbatar amfanin ya rinjayi haɗarin.

Saura haƙƙin da ba a cika tunawa da shi ba, watau na biran. Lafiyarsu ƙalau ake kawo su, a ba su sinadarin da zai kashe tsibiransu, sa'an nan a yi musu dashe, daga ƙarshe sau da yawa a kashe su don a duba hantarsu. An hore wa mutum dabbobi, gaskiya ne, amma horewa amana ce. Addinin da ya ba da labarin macen da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha, ba zai yarda a wahalar da biri don neman suna ko riba ba. Abin da ya dace shi ne kada a yi gwajin sai babu makawa, a taƙaita yawansu, a kashe musu zafi, kuma a bayyana sakamakon ko da an faɗi, domin kada wani ya maimaita azabar a banza.

Saboda haka, wanda ya ce haramun ne kurum don ya ji sunan alade, ya yi gaggawa. Wanda kuma ya ce halal ne kurum don ya ji sunan magani, shi ma ya yi gaggawa. Dashen nan har yanzu yana matakin gwaji, kuma fatawa a kansa tana bukatar malami da likita su zauna a tabarma ɗaya, kowa ya faɗi iyakar abin da ya tabbata a fanninsa.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya shiryar da masu neman magani ga abin da Ya yarda da shi, amin.