Gargaɗi ga 'Yan Zango Kan Bashin Banki: Waƙa da Sharhinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani. Bayan haka:

Da sunan Ilahi nake fara waƙa,
Ta'ala, Gwani, Mai yawan dukiya.
Ku saurara 'yan Nima, Mamobi, Zango,
Batun mai cin fiye da abin ajiya.

SHARHI: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, abin da ake nufi a nan shi ne wanda ma'aikatan banki ke kira obadiraf, wato banki ya ƙyale ka ka ciri kuɗi fiye da abin da ka ajiye. Misalinsa mai sayar da albasa: mota ta iso daga Galmi ta ƙasar Nijar, ana binsa sidi 10,000, abin da yake da shi a banki 8,000 ne. Sai banki ya cika masa 2,000. Wannan cikon rance ne, ko da ba a kira shi da sunan rance ba. 'Yan'uwanmu masu albasa sun san wannan ƙunci tun suna Agbogbloshie, balle da hukuma ta tashe su zuwa Adjen Kotoku a watan Yuli na 2021, ciniki ya yi sanyi, masu bin bashi kuwa ba su yi sanyi ba.

Ka ranci ɗari, ka yi kwana talatin,
Ɗarin ta yi 'ya'ya, ina lafiya?
Ladan ɗawainiya daban yake, malam,
Kuɗin jinkiri shi ya kauce hanya.

SHARHI: Masu tambaya suna cewa: shin abin da banki ke ɗorawa adalci ne? Jawabi sai an rarrabe. Abin da banki ya karɓa gwargwadon ɗawainiyar da ya yi da gaske, kamar takarda da ladan magatakarda da tsaron lissafi, wannan ijara ce, ba laifi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Amman a 1986, bisa sharaɗin kada ya wuce ainihin abin da aka kashe. Amma ƙarin da ke girma da girman kuɗin, yana kuma hauhawa da yawan kwanaki, shi ne riba, kamar yadda majalisar ta yanke a Jidda a 1985. Ita ce ribar jahiliyya da kanta: lokaci ya yi, ko ka biya ko a ƙara maka. Ita Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya rushe a Hajjin Ban Kwana, ya fara da ta baffansa Abbas. Sauya mata suna, a ce tara ce ko kuɗin hidima, bai sauya hukuncinta.

Dubi kuma a kan wa take faɗawa. Mai wadata ba ya zarce ajiyarsa sai da shiri. Wanda ake ci tarar jinkiri shi ne wanda ya rasa, sai a hukunta shi da rashinsa. Alhali aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa matsattse har ya samu. A 2023 Babban Bankin Gana ya kai ma'aunin ruwansa kashi 30 cikin 100. To ka ƙiyasta abin da ƙaramin ɗan kasuwa ke biya a ƙasa da nan.

Fa zaluncinsu bai wanke bashinka,
Uwar kuɗi na nan a kan wuya.
Ka yar da layinka can cikin Odo,
Atidu ya rubuta, sai dai biya.

SHARHI: Nan ne wurin da ƙafafu suke zamewa, saboda haka za mu daɗe a kansa. Tun da aka fara rancen waya na Qwikloan a 2017, wasu samari suka ɗauki wata dabara: su ranta, su jefar da layin, su sayi sabo. Odo da aka ambata a baitin shi ne Odaw, kogin da ya bi ta gefen Agbogbloshie. Da aka fara haɗa layuka da katin ɗan ƙasa a 2021 dabarar ta yi wuya, amma hujjar da suke kafawa tana nan a bakuna: "Ai kuɗin masu cin riba ne." Wannan hujja ɓatacciya ce. Aya ta 279 ta wannan sura, wadda ta yi wa masu riba shelar yaƙi, ita ce dai ta bar musu uwar dukiyarsu in sun tuba. To wa ya ba ka abin da Allah bai ƙwace musu ba?

Wani ya ce, "Ba na Musulmi ba ne." Annabi ya yi wafati sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Wani ya ce, "Banki ba mutum ba ne." To kuɗin wa ke ciki? Na mai koko ne da mai waake da gwauruwar da ke tara wa marayunta. An rufe UT Bank da Capital Bank a watan Agusta na 2017, aka soke lasisin ƙananan gidajen rance 347 a watan Mayu na 2019, kuma basussukan da ba a biya ba suna cikin abin da ya karya su, tare da ɓarnar shugabanninsu. Masu ajiya da yawa sun daɗe suna jiran kuɗinsu. Wanda ya ci ya ƙi biya yana da rabonsa cikin wannan hawaye.

Ka tuna an kawo gawa gaban Annabi, da ya ji ana binta dinare kaɗan bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauke bashin. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi kome ban da bashi. Ya kai muridi, istigfari ɗari na lazimin safe da ɗari na yamma ba ya sauke sidi ɗaya na wani. Mayar da haƙƙi sharaɗi ne na tuba.

Ka auna larura da son a yabe ka,
Ashobi da rago ba su kai wuya.

SHARHI: La'anar da ta zo a hadisin Jabir ta haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu. Wanda ɗansa ke kwance a Korle Bu, ya nemi rance mai kyau wurin dangi da 'yan adashi ya rasa, muna fata masa uzuri. Amma ankon biki, da ragon layya wanda ba a ɗora wa maras iko ba, da kuɗin motar zuwa Maulidi a Kaulaha, ba larura ba ne. Kuma ziyarar da aka yi guzurinta da riba, wace albarka za ta komo da ita?

Wanda ya riga ya shiga, ya tuba, ya gaggauta biyan uwar kuɗi ko da zai sayar da abin da yake so. Ya tafi bankin da ƙafarsa ya roƙi a yafe ƙarin ko a tsayar da shi. In sun ƙi, doka kuma ta tilasta, ya biya don kare kansa daga cuta, nauyin ƙwacen yana kansu. Ya rubuta abin da ake binsa ya sanar da iyalinsa, domin ba a raba gado sai an fitar da bashi. Wallahu a'alamu.