Macen da Ke Riƙe da Tuta

A gidan adana kayan tarihi na Louvre da ke birnin Faris akwai wani zane da Eugène Delacroix ya yi a 1830, bayan boren watan Yuli da ya tumɓuke Sarki Charles na Goma. Wata mace ce ba takalmi, tutar Faransa a dama, bindiga a hagu, tana tsallake gawawwaki, maza na biye da ita. Wannan mace ita ce 'Yanci. A fagen nazarin adabi, mutuntarwa muke kiran irin wannan salo.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, kowane namiji a zanen ana iya faɗin matsayinsa: ga mai doguwar malafa, ga lebura, ga yaro da ƙananan bindigogi biyu. Ita kaɗai ce ba ta da sana'a, ba ta da unguwa. Su mutane ne, ita kuwa ma'ana ce. A lokacin da aka ɗora ta a gaban jama'a, dokar Napoleon ta 1804 tana wajabta wa matar aure biyayya ga mijinta, kuma matan Faransa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1944. Shekara 114 ke nan 'Yanci tana mace, mace ba ta da shi.

Wasu manazarta na cewa nahawu ne kurum: kalmar 'yanci tamata ce a Faransanci, shi ya sa aka zana mace. Akwai ƙamshin gaskiya, amma hujjar ba ta gamsar da ni ba. A Hausa ma gaskiya tamata ce, duniya tamata ce. To me ya sa muka yi wa duniya jiki, muka ce budurwar wawa, masu waƙoƙin wa'azi suka mai da ita mayaudariya mai kwalliya, ita kuwa gaskiya muka bar ta dokin ƙarfe? Nahawu ya ba da jinsi, amma zaɓin wadda za a tufatar da siffar mace, da irin halin da za a ba ta, aikin mai riƙe da alƙalami ne.

Ban ce a sauke zanen ba, domin kyansa ba abin musu ba ne. Ban kuma yarda yabo ya fi zagi a nan ba: da Bafaranshen da ya ɗaukaka, da mawaƙinmu da ya kushe, aron surarta suka yi, ba wanda ya tambaye ta. Gwamnatin Faransa ta sayi zanen a 1831, ba da jimawa ba ta ɓoye shi, don tsoron kada ya zuga talakawa. Mazan da ke bayanta ta ji wa tsoro.