Ina Uban Jariri A Makon Farko?

Karatu: Maimaitawar Shari'a 24:5

Ɗan'uwa mai karatu, ga wata tambaya da ya kamata kowane magidanci ya yi wa kansa: idan Allah ya sauki matarka lafiya, kwana nawa za ka zauna a gida? In kuma kai ne mai ba wani aiki, kwana nawa za ka ɗaga masa ba tare da ka yanke masa kuɗinsa ba?

Bari mu duba unguwar Zongo da ke Kwatano, a Jamhuriyar Benin. Neman abinci ne ya tara jama'a a can, Hausawa da Zabarmawa da sauran baƙi daga Nijar da arewacin Najeriya. A gida arewa, al'ada ta riga ta shirya wa mai jego hanya. Haihuwar fari a gidan iyayenta take yi. Akwai uwa, ko kaka, ko gwaggo, mai dafa ruwan wankan jego, mai dama kunun kanwa, mai goyon jariri har a yi arba'in. Amma yarinyar da aka kawo aure Zongo daga Maraɗi ko Katsina, sau da yawa mahaifiyarta tana can nesa, kuɗin mota kuma ba ya samuwa kullum. Ɗaki ɗaya ne na haya, maƙwabta kowa yana fama da nasa. Wa ya rage mata? Mijinta.

Dokar ƙwadago ta Benin ta shekarar 1998 ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, wato 6 kafin haihuwa, 8 bayanta. Uba kuwa, kwana 3 ne rabonsa bisa yarjejeniyar ma'aikata da masu ba da aiki. Ka lissafa da kanka: kwana ukun nan za su ƙare tun ba a yi suna ba. A Najeriya, Jihar Legas ta ba ma'aikatanta maza kwana 10 a 2014, Gwamnatin Tarayya kuma ta amince da kwana 14 ga nata ma'aikata a 2021. Faransa ta kai nata kwana 28 a wannan shekarar ta 2021. Ƙasar Suwidin ce ta fara buɗe wa uba ƙofar raba hutun reno da uwa, tun 1974.

Amma ka lura da abu ɗaya. Dokar nan tana kare wanda yake da takardar aiki da albashin wata. Yawancin mazan Zongo ba su cikin wannan layi. Akwai ɗan zemijan mai rigar ruwan ɗorawa, wanda dole ya kai wa mai babur kuɗinsa. Akwai yaron shago, da yaron mota, da mai dako, da mai gadi, da mai tireda. A wurinsu, ranar da ba a fita ba, ranar ba a ɗora tukunya. Inda doka ba ta kai ba, lamirin mutum ne kaɗai alƙali. Saboda haka wannan magana tamu ce, ni da kai.

Me ya sa makon farko yake da nauyi haka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa cikin jariran da suke mutuwa a watansu na farko, kusan kashi 3 cikin 4 a makon farko suke tafiya. Ita ma uwa, zubar jini da zazzaɓin bayan haihuwa da jijjiga sukan zo a kwanakin nan. Shi ya sa hukumar ta ba da shawara a duba uwa da ɗanta cikin sa'a 24 na farko, a sake dubawa a rana ta 3, sannan tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na 6. To, in jiki ya rikice da tsakar dare, wa zai nemo abin hawa? Wa zai sa hannu a asibiti, ya sayo magani? Macen da ba ta iya miƙewa ba za ta yi wa kanta wannan ba. Muna kiransa hutu, amma gaskiya aikin tsaron rai ne.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki zaman miji a gida abin wasa ba. A ayar da muka karanta, an hana a kai sabon ango yaƙi ko a ɗora masa wani aikin jama'a har shekara guda, domin ya zauna ya faranta wa matarsa rai. Ayar a kan sabon aure take magana, amma ta nuna mana ma'aunin Allah: akwai lokacin da bukatar gida take gaba da bukatar sarki da ta kasuwa. Ka tuna kuma da Yusufu, mijin Maryamu. Yana nan aka haifi Yesu, yana nan aka kai shi Haikali, shi ne kuma ya tashi da dare ya kai yaron da uwarsa Masar sa'ad da Hirudus yake neman ransa. Masassaƙi ne mai cin guminsa, babu wanda ya biya shi kwanakin da ya rasa.

Wani zai ce, "Malam, in na zauna, me za mu ci? Ba Littafin ne ya ce mutum ya ciyar da iyalinsa ba?" Gaskiyarka. Manzo Bulus ya tsawata wa wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa (1 Timoti 5:8). Amma kula ta fi cefane faɗi. Haihuwa kuwa ba ta zuwa ba sallama. Allah ya ba ka wata tara na shiri. Ka shiga adashi, ka roƙa a ba ka kwasarka a watan haihuwa. Ka rage abin da za ka kashe ranar suna domin mutane su yaba. Wace riba ce a cika tsakar gida da baƙi da abinci, alhali mai jego ta kwana shida tana ɗebo ruwa da kanta?

Wani kuma kunya ce take hana shi. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, abokai kuma za su yi masa dariya in sun gan shi yana hura wuta ko yana wanke zanen jariri. Kunya ado ce, amma ba a binne mutum saboda ita. Ubangijinmu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, bai ragu da kome ba.

Yanzu gare ka, maigida mai shago ko mai babur. Kolosiyawa 4:1 ta tuna wa iyayengiji su yi wa masu yi musu aiki adalci, domin su ma suna da Ubangiji a Sama. Kada ka jira sai hukuma ta tilasta maka. Ka sallami yaronka ya yi mako guda a gida, ka yafe masa kuɗin kwanakin, kada ya dawo ya tarar an ba wani gurbinsa. Za ka yi hasarar kaɗan, shi kuwa wataƙila ran matarsa ka ceta.

Ikilisiya ma tana da nata rabo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar mata sun daɗe suna kai abinci gidan mai jego. Zumuntar maza fa? Wani ya riƙe wa ɗan'uwa shagonsa na yini biyu, wani ya biya masa kuɗin babur na kwana uku. Kada kuma mu tsaya ga 'yan ikilisiya kaɗai. Maƙwabcinka Musulmi da matarsa ta haihu, shi ma maƙwabci ne.

Ɗan'uwa, kuɗin da ka rasa a mako guda za ka iya nemo shi. Makon farko na ɗanka ba ya dawowa. Ka fara shiri tun yau.

Addu'a: Ya Uba na Sama, ka koya mana zama iyaye masu tsayawa kusa da iyalinsu. Ka kiyaye masu jego da jariransu a Zongo da ko'ina. Ka ba masu ba da aiki zuciyar tausayi. Cikin sunan Yesu, Amin.